Daga Gwammaja Zuwa Jimeta: Wa Ke Riƙe da Tukunyar Mishan Idan Yaƙi Ya Ci Gari?

A cikin ganuwar Kano ba za ka ga ginin coci ba, Gwammaja ma haka take. Unguwa ce ta masallatai da Islamiyyu da makarantun allo, unguwar Malam Aminu Kano, inda gidansa da kabarinsa suke har gobe a hannun Jami'ar Bayero, ana kiran wurin Gidan Mambayya. Amma wanda ya tsayar da A Daidaita Sahu a bakin titi ya ce a fita da shi ta Ƙofar Mazugal, idan Allah ya sa babu cunkoso, nan da nan zai gan shi a Sabon Gari, inda babbar majami'ar Katolika ta Our Lady of Fatima take. Kullum mutane na kai da komo tsakanin wuraren biyu, ana ciniki, ana cin bashi, ana biya. Labarin abin da ke damun kowane ɓangare ne bai cika ƙetare ganuwa ba.

Ba sai an ba mutumin Gwammaja labarin yaƙin Boko Haram ba. Da kunnensa ya ji ƙarar bama-baman ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, waɗanda suka ci rayuka aƙalla 185. Ya bi jana'izar waɗanda aka kashe a Babban Masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki ranar 28 ga Nuwamban 2014, mutum fiye da 100. Wataƙila yana tune da cewa a Afrilun 2012 'yan bindiga sun buɗe wuta kan Kiristoci masu ibadar Lahadi a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, har da farfesoshi 2 cikin mamatan. Akwai kuma bom ɗin da aka jefa cocin Katolika na St Charles a Sabon Gari ranar 27 ga Yulin 2014, wanda ya kashe mutum 5 a daidai lokacin Ƙaramar Salla. A waccan shekarar sai da aka soke hawan Salla.

Abin da bai cika isowa kunnensa ba shi ne yadda dubban mutanen da yaƙin ya koro daga gindin duwatsun Mandara suka yi shekara da shekaru suna kwana a harabar coci, da kuma inda hatsin da suka ci ya fito. Zance ne da ya kamata a yi shi a fili a cikin birni. A nan ne zargi ya fi ƙarfi a kan duk agajin da ya biyo ta hannun mishan, kuma a nan ne ake da masu hannu da shunin da za su iya yin irinsa, ko fiye.

Shekarar da garuruwa suka faɗi

A watan Agustan 2014 Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram, Abubakar Shekau ya fito a bidiyo ya ce ya kafa daula. Madagali da Gulak suka bi, Michika da Bazza suka tafi a Satumba. Ranar 29 ga Oktoba aka shiga Mubi, birni na biyu mafi girma a Adamawa, har aka sauya mata suna. Yanki ne da za ka tarar da Musulmi da Kirista uwa ɗaya uba ɗaya, ko cikin Marghi, ko Kamwe, ko Fali. Cocin da ya fi kowanne asara a can shi ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda hedikwatarta da ke Kwarhi ta faɗi rana ɗaya da Mubi. 'Yan Katolika ma suna da yawa a yankin, da makarantunsu da ɗakunan shan magani.

Kowa ya yi ta kansa. Wasu suka haura duwatsu suka shiga Kamaru, aka kai da yawansu sansanin Minawao kusa da Mokolo. Wasu suka yanki daji da ƙafa kwana da kwanaki, tsofaffi na faɗuwa a hanya, har suka iso Yola. An ƙiyasta waɗanda suka kwararo birnin a watannin nan sun kai 400,000. Mafi yawansu ba su taɓa kwana a sansanin gwamnati ba. Gidajen 'yan'uwa da surukai da abokan arziki ne suka haɗiye su, har ka ga ƙaramin ma'aikaci yana ciyar da mutanen da tsakar gidansa ba ta iya ɗauka. Waɗanda ba su da kowa kuwa suka nufi duk inda suka ga ƙofa a buɗe.

Ɗaya daga cikin ƙofofin ita ce ta babbar majami'ar St Theresa da ke Jimeta. Bishop ɗin Yola, Stephen Dami Mamza, wanda ya hau kujerar a 2011, ɗan asalin Bazza ne. Masu gudun nan ba baƙi ba ne a wurinsa, mutanen garinsu ne. Ya sa aka buɗe harabar cocin da ajujuwa da zaurukan taro, dubban mutane suka zube a ciki, Kiristoci na kowace ɗarika da Musulmi.

Ranar rabon abinci ake gane girman abin. Mata ake kira, domin masu rabon sun san mudun da ya shiga hannun uwa shi ke isa cikin yaro. Tun da sassafe za su cika fili su zauna a ƙasa layi-layi, mai goyo da mai ciki da tsohuwa mai dogara sanda, wata da lulluɓi, wata da ɗan kwali, kowace riƙe da buhu ko leda da babu komai a ciki. A auna masara ko shinkafa, a ƙara wake, a ɗan sa mai in an samu. Rana ta take, yara na kuka, amma ba mai tashi, kada layi ya wuce ta. Kuma ba cocin kaɗai ke wannan aiki ba. Akwai haɗakar shugabannin addini da 'yan kasuwa da malaman jami'a mai suna Adamawa Peace Initiative, wadda aka kafa a 2012 tare da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, a zamanin shugabancin Margee Ensign. Bishop Mamza na ciki, Imam Dauda Bello na ciki. Wani rabon a yi shi a harabar coci, wani a wajen Musulmi, hatsin dai ɗaya ne.

Kada wani ya ɗauka wannan aikin gefe ne, ainihin yaƙin kuma yana can inda ake harbi. Rahoton da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin Arewa maso Gabas ya yi sanadin mutuwar mutum kusan 350,000, amma kimanin 35,000 ne aka kashe kai tsaye da makami. Sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti suka tafi da su, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Wato duk inda makami ya kashe mutum 1, rashin abinci da magani ya kashe 9.

A ɓangaren Maiduguri abin ya fi muni. Yankin da ke ƙarƙashin Bishop Oliver Dashe Doeme, wanda 'yan Katolika ke kira dayosis, ya haɗa Borno da Yobe da arewacin Adamawa, wato daidai inda wutar ta fi ci. Alƙaluman da dayosis ɗin ta fitar a 2015 sun ce an kashe mabiyanta fiye da 5,000, an raba kimanin 100,000 da gidajensu, an lalata coci kusan 350, an bar zawarawa 7,000 da marayu 10,000. Cikin limamanta 46, guda 26 su ma gudun hijira suke. Lissafin coci ne na mutanensa, ba na duk waɗanda abin ya shafa ba. Musulmin da aka kashe a Bama da Baga da Gamboru da Damboa ba sa cikinsa. Sai dai abin lura shi ne, cocin na da lissafin.

Nan ne sirrin yake, ba a wani tsarki na musamman ba. Tun kafin yaƙi kowane ƙauye mai 'yan Katolika yana da katikis, mutumin gari ne, manomi kamar kowa, shi ke jan addu'a idan Fada bai zo ba, shi ya san gidan da aka haihu da gidan da aka mutu. Akwai rajistar baftisma da ta aure. Idan gari ya watse, katikis ɗin na cikin masu gudu, kuma a duk inda suka yada zango zai iya zama ya rubuta sunayen mutanensa gida-gida, ya ce wane ya iso, wane ya ɓace. Takardar ta je hannun Fada, ta je ofishin bishop, daga can wasiƙa ta tashi zuwa Jamus ko Ingila da adadi da lambar asusun banki. Mai bayarwa na son ya san wanda zai tuhuma idan buhu ya yi ɓatan dabo, mishan kuwa tana da adireshin da ba ya sauyawa da zaɓe.

Inda kuɗin ke fitowa

Ana yawan zaton akwai wata taska a Fadar Vatican da ake ɗiba. Gaskiyar ita ce mafi yawan kuɗin tsince-tsince ne. A birnin Lyon na Faransa wata budurwa mai suna Pauline Jaricot ta tsara ma'aikatan masaƙa goma-goma, kowa ya riƙa ba da ƙwandala ɗaya a mako don mishan na nesa, abin da ya zama ƙungiya a 1822. Kamar adashe ne, sai dai mai zubi ba ya jiran ranar kwasa. Wannan tsari ne ya haifi baikon Lahadin Mishan da ake tattarawa kowane watan Oktoba a duk cocin Katolika na duniya, da na Sabon Gari da na Pulka da ke yankin Gwoza. Ƙungiyar Missio da ke birnin Aachen na Jamus reshen wannan bishiya ce.

Akwai kuma Aid to the Church in Need, wadda wani Fada ɗan Holan, Werenfried van Straaten, ya fara a 1947. Ya bi manoman Beljiyam gida-gida yana roƙon abinci don Jamusawan da yaƙi ya kora, mutanen da sojojinsu suka mamaye Beljiyam ɗin shekaru kaɗan kafin nan. Yau ofishinta na Königstein na biyan kuɗin sake gina coci, da babur ɗin katikis, da karatun masu shirin zama Fada. Tana kuma da wata hanya da ba kowa ya sani ba: tsohuwa a Turai za ta ba da 'yan kuɗi a yi wa mijinta da ya mutu addu'a, sai a tura kuɗin ga limamin da mabiyansa suka tsiyace, ya yi addu'ar, ya sayi man mota da abin sa wa a baka. A Maiduguri ta tallafa wa cibiyar da Fada Joseph Bature Fidelis ke jagoranta, inda ake kula da matan da suka kuɓuto daga hannun 'yan Boko Haram, a yi musu maganin firgici, a koya musu ɗinki da sauran sana'o'i.

Manyan buhunan kuma, da rijiyoyin burtsatse da katin sayen abinci, sun fi biyowa ta hannun Catholic Relief Services ta Amurka, da CAFOD ta Ingila, da Caritas ta Nijeriya, da hukumar JDPC da kusan kowace dayosis ke da ita.

Sai na cikin gida, wanda ba ya shiga rahoton kowa. A cocin Sabon Gari, bayan an gama baiko na farko, mai sanarwa zai tashi ya ce akwai na biyu, na 'yan'uwa da ke cikin wahala. A buga ganga, a taso layi-layi ana rangaji zuwa gaba, mai shagon kayan gyaran mota da mai sayar da magani da malamar makaranta, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. 'Yan Zumuntar Mata su tara zannuwa da sabulu da tukwane, 'yan ƙungiyar St Vincent de Paul su ɗaure kaya. Da yawansu su ma haya suke biya a ɗaki ɗaya.

Zargin da ke bakin mutane

Idan aka kawo wannan zance a majalisa a cikin birni, ba a daɗewa wani zai ce ai ba don Allah suke yi ba, da buhun masara suke sayen imanin mutane. Ba daidai ba ne a yi watsi da maganar kamar ta jahilci, domin tana da tushe. Turawan mulki sun hana 'yan mishan wa'azi a cikin biranen sarakunan Musulmi, saboda haka suka shigo ta hanyar makaranta da magani. A shekarun 1930 aka miƙa wa mishan ɗin SIM, wadda ba ta Katolika ba ce, asibitocin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, kuma ba a ɓoye yake ba cewa wasu marasa lafiya da 'ya'yansu sun sauya addini a wuraren. Tarzomar Kano ta Oktoban 1991 kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke ta ƙara zurfafa ramin. Shi ma ba ɗan Katolika ba ne, amma ranar tarzoma ba a tambayar ɗarika.

Babban darasin kuwa na yaƙin basasa ne, kuma ya taɓa Gwammaja, tunda Malam Aminu Kano kwamishina ne a gwamnatin Janar Yakubu Gowon tun daga 1967. Da yawan Ibo da suka gudu daga Sabon Gari bayan kashe-kashen 1966 'yan Katolika ne. Da aka yi wa Biyafara ƙawanya, yunwa ta fara cin yara, Caritas da ƙungiyoyin cocin Turai suka haɗu a 1968 da sunan Joint Church Aid, suna tashi da dare daga tsibirin Sao Tome suna sauka a kan titin mota a Uli. Sun yi sawu fiye da 5,000, sun kai kaya kimanin tan 60,000. Rayukan da suka ceta ba su ƙirguwa. Amma gwamnatin tarayya ta zarge su da ɗaukar ɓangare, kuma har yau masana tarihi na muhawara kan ko kuɗin ƙasashen wajen da masu agaji suka kashe a cikin Biyafara ya ba jagoranta Ojukwu ƙarfin tsawaita yaƙin. Da aka gama a Janairun 1970 aka kama limaman mishan Turawa, galibinsu 'yan Ailan, aka gurfanar da wasu, aka kore su daga ƙasar. Wanda ya ce agaji a fagen yaƙi ba ya da siyasa bai karanta wannan babi ba.

Coci ma ba kullum take zama mafaka ba. A Ruwanda a 1994 an kashe dubban mutane a cikin majami'u, har kotun duniya ta samu Fada Athanase Seromba da laifin kisan ƙare dangi. Amma a Afirka ta Tsakiya an ga akasin haka. A Mayun 2017, da mayaƙan Anti-Balaka suka far wa unguwar Musulmi a Bangassou, Bishop Juan José Aguirre ya je ya tsaya a gaban masallacin da suka fake, daga baya aka kwashe kimanin mutum 2,000 zuwa makarantar horar da limamai ta Katolika, suka yi shekaru a can. A Gaza, cocin Holy Family, wanda shi kaɗai ne na Katolika a zirin, ya ɓoye ɗaruruwan mutane tun 2023. Marigayi Fafaroma Francis kusan kullum da yamma sai ya buga musu waya. Ranar 17 ga Yulin 2025 harin sojojin Isra'ila ya kashe mutum 3 a harabar, ya raunata limamin, Fada Gabriel Romanelli.

A rubuce dai dokar a fili take. Wasiƙar Fafaroma Benedict na 16 ta 2005 mai suna Deus Caritas Est ta hana a mayar da sadaka tarkon jawo mutane cikin addini, kuma Caritas na cikin waɗanda suka tsara ƙa'idojin agaji na 1994 tare da ƙungiyar Red Cross, masu cewa buƙata ce kaɗai ma'auni. Ko ana bi ko ba a bi, ba a majalisa za a gane ba. A bakin layin rabo ake ganewa: shin an ce wa mai lulluɓi sai ta shiga addu'a kafin a auna mata? Idan an yi haka a wani wuri, a faɗi wurin da ranar. Idan ba a yi ba, riƙe zargin zalunci ne.

Inda nake ganin masu tara wa mishan kuɗi suna da tambayar amsawa shi ne irin labarin da suke kaiwa Turai da Amurka. Takardar neman taimako ta fi kawo kuɗi idan ta ce Kiristoci kaɗai ake kashewa. Rabin labari ne, kuma yana dawowa gida da guba. Ranar 31 ga Oktoban 2025 Shugaba Donald Trump ya mayar da Nijeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, yana maganar kisan Kiristoci. Kwanaki kaɗan kafin nan Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, wanda ba a san shi da sassauta wa gwamnati ba, ya yi gargaɗi a birnin Rum cewa matakin zai iya lalata ƙoƙarin fahimtar juna a cikin gida, ya kuwa sha suka daga wasu Kiristocin.

Masallacin Sangere

Da sojoji suka ƙwato garuruwa a ƙarshen 2014 da farkon 2015, mafi yawan mutanen St Theresa suka koma gida. Waɗanda ƙauyukansu ke bakin dajin Sambisa ba su da inda za su koma. Suka ci gaba da zama a harabar, aka yi haihuwa, yaran da aka shigo da su a goye suka shiga firamare. Da tallafin Missio ta Jamus, dayosis ɗin Yola ta gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin Ƙaramar Hukumar Girei, da makaranta da coci. Aka buɗe a Afrilun 2021, Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri na wurin.

Cikin iyalan akwai 'yan tsirarun Musulmi. Bishop Mamza ya gina musu masallaci. Bai ɓoye ba cewa wasu Kiristoci sun ji haushi, suna ganin yaya za a yi wa addinin da aka fake da sunansa aka ƙone musu coci irin wannan hidima. Hujjarsa mai sauƙi ce: tare suka gudo, tare suka zauna, tunda an yi wa waɗannan wurin ibada, waɗancan ma suna da haƙƙi. Wanda ke neman sayen imanin mutum ba ya gina masa inda zai yi salla biyar a ƙofar gidansa.

Mu Musulmi ma muna da namu. Ranar 23 ga Yunin 2018 Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa. Zannah Mustapha ya buɗe makarantar marayu a Maiduguri wadda ke karɓar 'ya'yan kowane ɓangare, har ya samu lambar yabo ta Nansen a 2017. Gidauniyar Ɗangote ta gina gidaje 200 a Maiduguri. Gwamnatin Kano ta ɗauko marayu daga Borno ta sa su makaranta. Kyauta ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne tsarin da zai ci gaba da aiki bayan azumi ya wuce, bayan mai kuɗin ya mutu ko gwamnan ya sauka.

Wutar ta matso

Wanda ke ganin wannan labarin Borno ne ya dubi yamma. A Mayun 2021 'yan bindiga sun shiga gidan limaman Katolika a Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da wani dattijon Fada. A Mayun 2022 suka sace limamai 2 a Gidan Maikambo cikin Ƙaramar Hukumar Kafur. Mabiyan waɗannan coci-coci Hausawa ne, jikokin Maguzawa, da Hausa suke addu'a, kuma ɓarayin da suka hana su noma su ne suka hana maƙwabtansu Musulmi. A 2023 aka kafa dayosis ɗin Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, mutumin Malumfashi, Bahaushe na farko da ya zama bishop ɗin Katolika. A Nuwamban 2025 kuma aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar St Mary da ke Papiri a Jihar Neja.

A can gabas ma ba a huta ba. Ambaliyar da fashewar madatsar Alau ta jawo a Satumban 2024 ta shanye babban ɓangare na Maiduguri, har da majami'ar St Patrick. A Yunin 2025 aka sace Fada Alphonsus Afina a hanyar Gwoza, sai bayan kwana kusan 50 aka sake shi. Duk wannan na faruwa ne a lokacin da rijiyar waje ke ƙafewa. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya ta rufe hukumar USAID, wadda kusan rabin kuɗin Catholic Relief Services ta hannunta yake fitowa. A Yulin shekarar Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa kuɗin ciyar da mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabas ya ƙare mata.

Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Tana da attajiran Kantin Kwari da Singa da Dawanau, inda hatsin da ake rabawa a sansanoni da yawa ke fitowa tun asali. Tana da Gidan Mambayya, wanda ya saba tara malamai da limaman coci a zaure ɗaya. Babu abin da zai hana a zauna a can da mutanen Bishop John Namanza Niyiring na Kano, a tambaye su yadda suke rubuta sunaye, da yadda suke bin sawun buhu, a kuma faɗa musu abin da ke sa mutanen birni ɗari-ɗari da su. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ya bayar ta hannun Fada ba, ya bayar ta hannun limamin unguwarsu ko 'yan agajin ƙungiyarsu. Amma ya nemi a nuna masa takardar sunaye, ya kuma bi sawu ya tabbatar kayan sun isa Pulka ko Kafur kafin damina ta faɗi, lokacin da rumbuna ke ƙarewa.